Kwana a Saman Dutse: Tarihin Otal-otal na Kan Tsauni, Daga Simla Zuwa Obudu

   

Kakanninmu ba su hau dutse don shan iska ba. Duk wanda ya bi labarin Dala da Gwauron Dutse a Kano, ko Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, ko Kwatarkwashi a Zamfara, zai tarar cewa abin da ya haɗa mutanen dauri da duwatsu shi ne tsoron mahara, da neman tama ta ƙira, da kuma tsafe-tsafen zamanin jahiliyya. Da ƙura ta lafa, sai suka gangaro fili inda garma ke shiga ƙasa, inda mace ba za ta hau tudu da tulu a ka ba, suka bar wa birai kufai. Yau kuma ga jikokinsu suna biyan kuɗin da ya isa sayen bijimi don su koma sama su kwana biyu.

Da yawa daga cikin 'yan ƙungiyarmu sun taɓa irin wannan kwana, wasu a nan gida Nijeriya, wasu a ƙasashen waje wurin taro ko hutu. Sun dawo da labarin gado mai bargo uku, da gajimare yana wucewa a ƙarƙashin taga, da ɗakin surace, da masu tausa, da tafkin ruwan ɗumi wanda mutum zai shiga ya fito kamar an sauke masa kaya. Daga labari sai ta zama shawara: mu ma a gina masaukin baƙi na zamani a kan dutsen da ke bayan garinmu, domin ya jawo masu yawon buɗe ido, ya samar wa matasa aiki. Shawara ce da ta fito daga zuciya mai kishin gari, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai kuɗin da za a taɓa na asusun gudummawa ne, asusun da daga cikinsa ake rufa azuzuwan da iska ta yaye, ake gyaran burtsatse. Saboda haka muka ga ya kamata, kafin a ɗaga hannu a babban taro, mu bi sawun wannan al'ada tun daga inda ta faro, mu ga waɗanda suka yi ta ta ɗore, da waɗanda ta zame wa kaya.

Tushen maganar darasi ne na labarin ƙasa wanda kowane ɗan aji shida na zamaninmu ya haddace. Idan mutum ya yi sama da mita 1,000, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Kano tana wajen mita 480 sama da teku, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, shi ya sa direban da ya bar Kano yana gumi yakan isa Jos yana laluben rigar sanyi. Sauro ba ya son sanyi, ƙudan tsando ma haka. Wannan sanyi shi ne hajar da ake sayarwa a saman tsauni, sauran abubuwa duk ado ne aka yi masa.

Mutanen Makka sun san haka tun kafin zuwan Musulunci. Attajiran Ƙuraishawa suna da gonakin inabi a Ɗa'ifa, garin da ke kan tsaunuka wajen mita 1,800, kamar yadda duk mai karatun Sira ya sani. Sarakunan Saudiyya ma can sukan koma in zafi ya tsananta, kuma a can Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka gudun zafi zuwa kan dutse baƙon abu ne da Bature ya zo da shi. Abin da Turawa suka ƙara shi ne mayar da shi sana'a.

A Turai abu biyu ne suka haɗu, ruwa da ciwo. Tun zamanin Rumawa ake gina gidajen wanka a kan maɓuɓɓugan ruwan zafi, kamar na garin Bath a Ingila. A ƙasar Beljiyam akwai wani ƙaramin gari mai suna Spa wanda masu hali suka daɗe suna zuwa shan ruwan marmaronsa don neman lafiya, har sunan garin ya zama kalmar da Turawa ke kiran duk wani gidan wanka da tausa. A nan sai mu ɗan yi murmushi, domin abin da Bature ke biya da fam, iyayenmu mata da tukunya da bargo da ganyen darbejiya suke yin sa, ko a surace ko a wankan jego, ba su kuma taɓa rubuta wa kowa rasit ba.

A cikin tsaunukan Suwizalan akwai St. Moritz, ƙauye ne a wajen mita 1,800, mai marmaro mai ɗanɗanon ƙarfe wanda mutane suka shafe fiye da shekara 3,000 suna sha. Da bazarar Turai kaɗai ake zuwa, in dusar ƙanƙara ta sauka kowa ya gudu. Ana ba da labari cewa a 1864 wani mai otal, Johannes Badrutt, ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya musu kuɗin tafiya. Suka zo wajen Kirsimeti, ba su tafi ba sai da hunturu ya ƙare. Daga nan otal ɗinsa ya samu kasuwa biyu a shekara maimakon ɗaya. Ɗansa Caspar ya buɗe wani katafaren otal a 1896, wanda ya zauna a hannun zuriyarsu fiye da shekara ɗari. Jirgin ƙasa ya isa garin a 1904, kuma sau biyu, a 1928 da 1948, aka yi gasar Olamfik ta wasannin ƙanƙara a can.

Maƙwabcinsa Davos kuwa da marasa lafiya ya fara. Wani likita Bajamushe, Alexander Spengler, ya lura cewa tarin fuka, wanda a lokacin yake kashe Turawa kamar annoba, bai cika kama mutanen wannan kwari mai tsawo ba. Daga shekarun 1860 masu tari suka riƙa tururuwa, aka gina musu manyan gidajen jinya masu baranda, inda za a naɗe mutum cikin bargo a ajiye shi yana shaƙar iska wata da watanni. Sai ga shi a 1943 an gano maganin tarin a Amurka, cikin 'yan shekaru gadaje suka zama wayam. Mutanen Davos ba su zauna zaman makoki ba. Suka mayar da gidajen jinya otal, suka nemi masu wasan ƙanƙara, sannan daga 1971 suka samu taron nan na attajirai da shugabannin duniya da muke ji a rediyo kusan kowace shekara. Abin lura a garuruwan nan biyu shi ne, masu otal 'yan garin ne, abincinsu da na 'ya'yansu yana rataye da zuwan baƙo. In rufi ya yi yoyo ba a jiran kasafin kuɗin gwamnati. Ga kuma miliyoyin masu kuɗi a biranen da ke ƙasa, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa.

Da Turawa suka fita mulkin mallaka, sai suka tafi da wannan al'ada ƙasashe masu zafi, amma a wata siffa dabam. A Indiya, daga 1864, duk shekara in zafi ya kawo jiki gwamnati kan kwashe kanta da takardunta da akawunanta daga Kalkata, tafiyar fiye da kilomita 1,500, ta hau Simla, a gindin tsaunukan Himalaya, sama da mita 2,000. A 1903 aka kai wa garin siririn layin dogo mai ratsa ramuka fiye da 100 a cikin duwatsu. A babban titin Simla, in ban da manya biyu ko uku, ba mai hawa mota, keke ne ake hawa wanda talakawan Indiya ke ja da ƙafa. Dukiyar ƙasa guda ce ke ɗauke da wannan hutu, kuma masu ƙasar ba su da rabo a ciki sai na dako.

Afirka ta Yamma, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da kabarin farar fata, ta samu nata ƙananan Simla. A Gana sun gina gidan hutun jami'ai a kan tudun Aburi, inda a 1890 aka buɗe lambun itatuwan da har yanzu ake ziyarta. Jamusawa suka ɗauke hedkwatar Kamaru a 1901 daga bakin teku suka kai Buea, a jikin Dutsen Kamaru. Faransawa kuma suka gina wurin hutu a Dschang a 1942, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana jami'ansu komawa gida. Mafi ban mamaki shi ne na Saliyo. Bayan likitan nan Ronald Ross, wanda ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi, ya ziyarci Firitawun a 1899, sai aka gina wa Turawa unguwa a kan tudu, aka ja mata layin dogo nata na kanta a 1904, aka hana baƙar fata zama a cikinta sai in boyi ne ko kuku. Shekara 25 kacal wannan dogo ya yi, aka rufe shi a 1929.

Mu a Arewa, Jos ce ta ɗauki wannan matsayi. Kuza ce ta fara kai Turawa can a farkon ƙarni na 20, sanyi kuma ya riƙe su. 'Yan mishan suka yi gidan hutunsu a Miyango, gwamnati ta kai cibiyar binciken cututtukan dabbobi Vom a 1924, sannan a 1938 aka buɗe otal ɗin Hill Station, inda Di'o ko Razdan da zafin Sakkwato ko na Barno ya galabaitar zai je ya warware. Ko Sarauniya Elizabeth, a ziyararta ta 1956, a Jos ta yi hutun ƙarshen mako. Iyayenmu da yawa sun san wannan duniya ta ƙofar baya, a matsayin kuku da maigadi da mai wanki da guga. Bayan samun 'yanci manyan ma'aikatanmu suka gaji ɗakunan. Amma tun daga rikicin Satumba na 2001, da waɗanda suka biyo baya a 2008 da 2010, baƙi suka ja jiki. Sanyin Jos yana nan yadda yake, natsuwa ce ta yi ƙaura, ba kuwa mai biyan kuɗi don ya kwana da ido ɗaya a buɗe.

Wurin da ya fi dacewa mu daɗe a kansa shi ne Obudu, domin shi ne abin da Nijeriya ta taɓa yi mafi kusa da irin otal ɗin da 'yan'uwa ke kwatantawa, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla sun kwana a can lokacin da yake tashe. Yana ƙaramar hukumar Obanliku a arewacin jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru, a kan jerin tsaunukan Sankwala, sama da mita 1,500. Tun kafin Bature ya kafa tanti akwai mutane a wurin, 'yan ƙabilar Becheve, da gonakinsu da amyoyinsu na zuma.

Asalinsa shanu ne. Kudancin ƙasar nan bai iya kiwon manyan shanu saboda tsando da ciwon sammore, shi ya sa naman da ake ci a Gabas fataken Arewa ne ke kai shi, wasu a ƙasa da sanda, wasu a taragon jirgi zuwa karar Umuahiya. A 1949 wani mutumin Sikotilan mai suna McCaughley ya hau waɗannan tsaunuka, ya tarar da ciyawa shar, da ruwa, ba tsando. A 1951 ya dawo da abokan aiki suka kafa gandun shanu. Wurin ya koma ƙarƙashin hukumar raya Jihar Gabas, kuma a zamanin Firimiya Michael Okpara, wanda ya yi mulki daga 1959 zuwa 1966, ya zama abin alfaharin gwamnati. Masu zuwa kallon shanu suna buƙatar wurin kwana, daga nan masauki ya tsiro a gefen garke, da madara da man shanu da nama duk daga bayan ɗaki. Hanyar da aka sassaƙa a jikin dutsen kilomita 11 ce, da lanƙwasa kimanin 20, ɗaya daga ciki don muninta ana ce mata Gwiwar Hannun Shaiɗan.

Ba a daɗe ana cin wannan moriya ba. Harbin farko na yaƙin basasa, ranar 6 ga Yuli, 1967, a Gakem aka yi shi, ba nisa da Obudu, kuma cikin kwanaki kaɗan sojojin tarayya suka shiga garin Obudu. Inda soja ya yada zango, ba a tambayar inda saniya ta kwana. Bayan yaƙi gandun ya zama na Jihar Kudu maso Gabas, wadda aka sauya wa suna zuwa Kuros Riba a 1976, ya yi ta jan ƙafa kamar sauran kamfanonin gwamnati na wancan zamani: ma'aikata suna nan, albashi yana tafiya, fenti yana ɓarewa.

Sai 1999, da Donald Duke ya zama gwamna yana ɗan ƙasa da shekara 40. Ya duba ya ga man fetur ɗin jiharsa bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na maƙwabta, sai ya ƙuduri aniyar mayar da yawon buɗe ido ya zama rijiyarsa. A Kalaba ya fara bikin ƙarshen shekara a 2004, ya gina kasuwar Tinapa wadda aka buɗe a 2007. A Obudu kuwa ya zuba dukiya ba kaɗan ba. Aka gina sababbin ɗakuna da gidaje a gefen kwari, da masaukin shugaban ƙasa, da zauren taro, da wurin motsa jiki da tausa, da gadar igiya a tsakanin rassan itatuwan kurmi, da wurin wasan ruwa a gindin dutse. Aka kira kamfanin otal-otal na Protea daga Afirka ta Kudu ya riƙe wurin. A 2005 aka ƙaddamar da abin da ya fi komai ɗaukar hankali, wato motar igiya: wasu ƙananan ɗakuna masu tagogin gilashi, a rataye jikin igiyar ƙarfe mai tsawon kilomita 4, suna ɗaukar mutum daga gindin dutse su haura da shi mita 870, yana kallon kurmi a ƙarƙashin ƙafarsa. A shekarar ce kuma aka fara gasar tseren hawan dutsen, da ladan dala 50,000 ga na ɗaya, abin da ya jawo zakarun Habasha da Kenya.

Gaskiya ɗaya ce, a waɗannan shekaru Obudu ya burge. Waɗanda suka je sun ba da labarin yadda hazo kan shigo ɗakin cin abinci ta ƙofa, yadda mutum kan nemi shayi da tsakar rana, yadda akan farka ba ƙarar mota ba ƙugin sauro, sai kukan shanu daga nesa. Bankuna da ma'aikatu suka mayar da wurin zauren taronsu, angwaye da amare suka riƙa zuwa. Ɗan Nijeriya ya samu abin nuna wa baƙo ba tare da sunkuyar da kai ba. Wanda ya yi wannan aiki ya cancanci a yaba masa, kuma ba ma cikin masu cewa ɓarnar kuɗi ce tun daga tushe.

To amma bari mu leƙa bayan labule, mu ga abin da ke riƙe da jin daɗin baƙon nan. Ruwan ɗumin da ya shiga, wuta ce ta ɗumama shi, wutar kuwa sau da yawa ta janareta ce, man janareta kuma sai tanka ta bi lanƙwasan nan 20 ta hau da shi. Haka siminti, haka gas na girki, haka shinkafa da sabulu. Wurin da ake ruwan sama fiye da rabin shekara, zanen gado ba ya bushewa a igiya, danshi yana cin fenti da katako da rufi, abin da za a gyara sau ɗaya a shekara biyar a ƙasa sai an gyara shi duk shekara a sama. Motar igiya kuwa, ko ƙusa ce ta lalace sai an aika Turai, a biya da kuɗin waje. A 2005 dala ɗaya kimanin naira 130 ce, a 2024 ta haura naira 1,500. Duk wannan hidima ba ta san ranar da ɗakuna suka cika da ranar da ba kowa ba, kullum sai an yi ta.

Sannan ga nisa. Daga Kalaba fiye da kilomita 300 ne. Mai tasowa daga Abuja sai ya bi Lafiya da Makurɗi da Gboko, ya wuni a hanya. An gina ƙaramin filin jirgi a Bebi don rage wannan wahala, sai dai tsaunuka da hazo ba abokan jirgi ba ne. Ranar 17 ga Satumba, 2006, jirgin sojan sama ƙirar Dornier 228 da ya taso daga Abuja ɗauke da manyan hafsoshi zuwa wani taro a Obudu ya faɗi a kan tuddan jihar Binuwai, mutum 13 suka rasu, akasarinsu janar-janar. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalai duka haƙuri. A watan Maris na 2008 wani ƙaramin jirgi da ya taso daga Legas zuwa Bebi ya ɓace da ma'aikatansa uku, sai bayan fiye da wata biyar mafarauta suka gano tarkacensa. Mai kuɗin da zai iya biyan ɗakin Obudu yana iya biyan tikitin Dubai, kuma bayan irin waɗannan labarai ba sai an gaya masa wanda zai zaɓa ba.

Abin da ya ƙarasa karya ƙashin bayan wurin daga teku ya zo. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a 2002, aka kammala miƙa shi a 2008, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da Kuros Riba ke taƙama da su. Jihar ta wayi gari ba kason masu mai, ga bashin manyan ayyuka a wuya. Gwamnan da zai zaɓa tsakanin albashin malamai da igiyar ƙarfe daga Turai, an san abin da zai zaɓa, mu kuwa tsofaffin malamai ba za mu zarge shi ba. Gasar tsere ta yi kusan shekara goma ta tsaya. Daga tsakiyar shekarun 2010 rahotannin jaridu da na matafiya suka sauya launi: motar igiya ta daina aiki, wuta sai an yi sa'a, ciyawa ta rufe wuraren wasa. A 2017 kuma rikicin yankin masu Turancin Ingilishi a Kamaru ya koro dubban 'yan gudun hijira zuwa ƙauyukan Obanliku, baƙin da suka hau dutsen ba da jakar hutu ba. Gwamnatocin da suka biyo baya sun yi ta alkawarin farfaɗo da wurin, muna kuma yi musu fatan alheri, domin dutsen yana da kyan da ya cancanci a sake gwadawa.

Idan jiha guda, da kasonta na tarayya da ikon cin bashi, ta sha wannan wuya, ina ga ƙungiyar da ke tara kuɗi ta hanyar gidauniya da kalandar shekara? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Dutsen garinmu, ko mun yi masa kara, bai fi mita 200 ba sama da kasuwa. A ƙa'idar da muka ambata, saukin da zai bayar bai kai digiri ɗaya da rabi ba. Wanda kuma ya taɓa kwana kusa da falalen dutse a watan Afrilu ya san yadda yake shan rana wuni guda ya riƙa amayar da ita har asuba. Ba mu da marmaro a sama. Masu zuwa Yankari suna shiga ruwan Wikki ne wanda Allah Ya ɗumama shi a digiri 31 dare da rana, rani da damina, ba janareta ba dizal. Namu tafkin sai an tura masa ruwa da injin daga ƙasa, a garin da mata ke layi a bakin burtsatse tun kafin kiran assalatu. Ba ma jin akwai ɗan ƙungiyar nan da zai ji daɗin wanka a sama alhali yana hango wannan layi.

Akwai kuma tambayar su wa za su zo. St. Moritz tana da biranen Turai a gindinta, Simla tana da gwamnati guda da ke hawa dole, Obudu ya dogara da tarurrukan ma'aikatu. Baƙin garinmu, in za mu faɗa wa juna gaskiya, ku ne, sai abokanku da kuke gayyata ɗaurin aure ko naɗin sarauta. Sau biyu ko uku kuke zuwa a shekara, kuma da halin da hanyoyinmu suka shiga a 'yan shekarun nan wasu sun rage. Abin da kuke kuka da shi in kun zo shi ne rashin ɗaki mai tsabta da bayan gida da ruwa, inda za a sauke baƙon kunya, har ta kai ana mayar da shi babban birni ya kwana. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma ɗaki takwas ko goma a bakin hanya, kusa da ruwa da turakun lantarki, da hasken rana a rufi, za su biya ta. A ba wa ɗan gari mai amana haya a rubuce, wanda cinsa da shansa zai dogara da gyaran wurin, kamar yadda zuriyar Badrutt suka dogara da nasu.

Masu shawarar hawa dutse suna da haƙƙin a saurare su da hujjojinsu, kuma muna roƙon kwamiti ya ba su dama su zo taro da alƙaluma a takarda: tsawon hanyar da za a fasa da kuɗinta, inda ruwa zai fito, lita nawa na mai za a ƙona a wata, da kuma su wane ne masu gonakin da ke gindin dutsen da abin da za a biya su. Mu kuma muna da roƙo guda game da saman dutsen kansa. Har yanzu akwai sauran ganuwar duwatsu a can, da ramukan da maƙeran dauri suka narka tama, da tsingaron tukwane da ruwa ke tonowa duk damina. Kafin kowace katafila ta doshi wurin, a gayyato malaman tarihi daga jami'a mafi kusa su auna su ɗauki hoto, a kuma tura ɗalibanmu na sakandare da littafi da biro su zauna gaban tsofaffin da suka rage, waɗanda suka san sunan kowace unguwa da ta taɓa zama a sama.